Ka sa iyafis amma magana na fita ta monita? Ga amsar tambayarka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, aiki ne ya sha kaina a shago shi ya sa sai yanzu. Don waɗanda ba su gani ba, wani ɗan uwa ne mai shagon taifin da firintin a Yelwa nan Bauchi ya ce yana da kwamfutar tebur Dell ta Belgium mai Windows 10, monitarsa tana da sifika a jikinta, in babu kowa yana son ya saki karatu ko labarai a fili, in ɗalibai suka cika shagon kuma ya koma iyafis. To matsalar ita ce in ya soka iyafis a ramin gaban kwamfutar sai magana ta ci gaba da fita ta monita kamar bai yi komai ba, wata rana kuma ya zare iyafis ɗin sai komai ya yi tsit har sai ya kashe ya kunna. Wai ya kai ma wani mai gyara ya ce sai an yi fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows.

Kar ka yi fomatin ɗin nan don Allah. Ni kam na rasa me ya sa wasu abokan sana'armu komai aka kawo musu maganinsu ɗaya ne, ciwon kai fomatin, ciwon ciki fomatin. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma ko an goge ta sau goma in aka sake haɗa wayoyin yadda suke yanzu haka za ta ci gaba da yi maka.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne Windows ba ta san wani abu wai sifika da iyafis yadda ni da kai muka sani ba. Ita na'urorin fitar da sauti take ƙirgawa, kuma a lokaci ɗaya guda ɗaya take ɗauka a matsayin babba, duk wani sauti can take tura shi. A kwamfutarka akwai aƙalla biyu waɗanda ba su ma san da zaman juna ba. Ta farko ita ce ɗan guntun sauti da ke kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, galibi na kamfanin Realtek ne, shi ke riƙe da ramin gaba da ramukan baya. Ta biyu kuma sautin da ke bi ta cikin wayar hoto zuwa monita, in HDMI ce ko DisplayPort, wannan ɓangaren hoto ne ke kula da shi ba Realtek ba. To kai ka soka iyafis a gidan Realtek, ita kuwa Windows tana can tana aika magana gidan monita, ka ga ai ba laifin ramin ba ne. Kamar ka je Tashar Wunti ka zauna kana jiran saƙo ne alhali direban an ce masa ya sauke a Muda Lawal.

A waya ko laftof ba ka ganin haka saboda sifikar ciki da ramin iyafis duk a hannun guntu ɗaya suke, kana sokawa yana yanke sifika da kansa. Shi ya sa mutane suke zaton ita ma ta tebur dole haka za ta yi.

Gyaran na minti ɗaya ne. Duba ƙasa ta hannun dama kusa da agogo, akwai alamar lasifika, danna ta sau ɗaya. A saman layin ƙara murya za ka ga sunan na'urar da ake amfani da ita yanzu da wata 'yar kibiya a gefe, danna sunan, jerin zai buɗe. Za ka ga ɗaya da sunan monitarka ko lambar samfurinta, wani lokaci haɗe da Intel Display Audio, ɗayar kuma Speakers ko Headphones haɗe da Realtek. Ka zaɓi ta Realtek magana ta dawo kunnenka, ka zaɓi ta monita ta koma fili. Shikenan. Masu Windows 11 su ma ta wajen agogon ne, a ƙarshen layin murya akwai ɗan maɓalli da ke buɗe jerin, a sababbinta ma in ka danne Windows da Ctrl da V tare kai tsaye zai fito.

Kuma wannan yanayin naka da kake gani kamar matsala, wallahi ni shi na fi so ma mai shago. Tunda na'urori biyu ne daban, ba sai kana soka iyafis kana zarewa sau ashirin a wuni ba. Ka bar shi a soke kawai, kwastoma ya shigo ka danna sau uku, ya fita ka danna sau uku. Ramin gaban nan ba ƙarfe ne mai ƙwari ba, 'yan siraran faranti ne a ciki masu lanƙwasa, kuma ka tuna injin nan ya yi shekarunsa a wani ofis a Turai kafin ya hau jirgin ruwa ya iso hannunka. Yawancin ramukan da ake kawo min sun mutu soka-zare ne ya kashe su, ko kuma mutum ya miƙe da iyafis a kunne ya manta ya fizgo.

Sai batun tsit ɗin da take yi in ka zare. Nan abubuwa biyu nake zargi. Na farko, ka taɓa mayar da Realtek babba, to da ka zare iyafis Windows ba ta koma monita ba, ta ci gaba da tura sauti ramin baya inda babu abin da aka jona, kai kana jin shiru ita kuwa a wajenta aiki take yi. In ka duba shafin Playback da zan nuna maka a ƙasa za ka ga koren layin murya yana motsi. Na biyu, manhajar da kake saurare da ita ce ta maƙale, wasu manhajojin in aka canja musu na'ura suna tsakiyar aiki ba sa bi, sai ka rufe su ka sake buɗewa. Ba sai ka kashe kwamfutar gaba ɗaya ba, gwada rufe burauzar ko fileyar kawai.

In ka buɗe jerin nan ka ga abu ɗaya ne kawai a ciki, to sai mu shiga tsohon ɗaki. Danne Windows da R, rubuta mmsys.cpl ka buga Enter. Wannan tagar tun zamanin Windows 7 take nan kuma har a 11 tana aiki, ni ita na fi yarda da ita akan sabon Settings da kullum ake sauya ma abubuwa wuri. A shafin Playback ka danna dama a fili inda babu rubutu, ka sa alama a Show Disabled Devices da Show Disconnected Devices. Sau da yawa za ka tarar wani ne ya kashe na'urar, ko yaron shago garin taɓe-taɓe, sai ka danna dama a kanta ka ce Enable. A nan ne kuma za ka ga bambancin da ke rikita mutane, akwai Default Device mai koren alamar daidai, akwai Default Communication Device mai alamar kan tarho. Ta farko ta kiɗa da bidiyo da komai ce, ta biyu ta kira ce. Ma'ana za ka iya cewa karatu ya fita ta monita amma in kira ya shigo ya tafi iyafis. Ina ba masu ofis shawarar nan sosai. Akwai wani bawan Allah a wani ofis nan cikin gari, ba zan faɗi wurin ba, ya sa hedfon ya kunna saƙon murya da uwargida ta turo masa kan kuɗin cefane, yana ta ƙara murya wai ba ya ji sosai, ashe ta sifika take fita duk ofis ana sauraro. Da yamma ya kira ni a fusace wai kwamfuta ta tona masa asiri.

Tunda kana tagar, leƙa shafin Communications na ƙarshe. Windows tana zuwa da saitin rage duk sauran sauti da kashi 80 cikin 100 in ta ji kamar ana kira. In ka taɓa jin murya ta faɗi ƙasa haka kawai ba dalili, yawanci shi ne, ka zaɓi Do nothing ka huta.

Yanzu ga waɗanda nasu ya bambanta da naka, don na san za su zo su tambaya a ƙasa. Akwai masu monita da wayar VGA, mai shuɗin kan nan da ake ɗaurewa da kusoshi biyu. VGA ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, hoto ne zalla. In monitar tana da sifika to sai an ja wata waya daban daga koren ramin baya zuwa jikinta. Wasu kuma za su ce ba su jona sifika ko ɗaya ba amma magana na fitowa daga cikin sifiyu ɗin kanta, wato akwatin kwamfutar, suna mamaki. Ba aljanu ba ne, injinan ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da ProDesk da yawansu suna zuwa da 'yar ƙaramar sifika guda ɗaya a ciki ta gaba, muryarta kamar ta tsohuwar rediyo. A duk waɗannan, sifika da iyafis a hannun Realtek ɗaya suke, to nan ne ake dogara da ramin ya gane an soka masa abu.

Yadda yake ganewa ba wani sihiri ba ne. A cikin ramin akwai ɗan makunni, kan iyafis in ya shiga sai ya ture shi, madabod ta samu labari ta gaya ma direba, wato manhajar da ke sarrafa guntun sautin, direba ya yanke sifika. Wannan tsarin ya zo ne da ƙa'idar HD Audio da Intel ta fitar a 2004, wadda ta maye gurbin tsohuwar AC'97 ta 1997. A tsohuwar babu aika labari, sautin ne da kansa yake zuwa ramin gaba ya ratsa ya koma baya, in ka soka abu ya katse hanyar. Shi ya sa a tsofaffin akwatuna in ramin gaba ya lalace sai na baya ma ya yi shiru, mutum ya yi ta canja sifika a banza. Masu injin haɗi, wato wanda aka sayi akwati daban madabod daban aka harhaɗa, ku buɗe ku duba siririyar wayar da ta taso daga gaban akwati, wani lokaci kai biyu gare ta, ɗaya an rubuta HD AUDIO ɗaya AC'97. Ku sa ta HD AUDIO, kuma a BIOS, wato saitin madabod da ake shiga lokacin kunna inji, in akwai wajen zaɓen irin ramin gaba ya zama shi ma HD ne. Na sha buɗe inji in tarar wayar nan tana lilo ba a ma jona ta ba tun ranar da aka haɗa. Kar kuma a tura ta a mazaunin USB da ƙarfi, sun yi kama sosai amma gurbin filin da aka toshe ba wuri ɗaya yake ba, in ta ƙi shiga kar ka matsa mata. Kafin ka taɓa ciki ka zare wayar wuta daga bango, ba kashewa kawai ba.

Direba kuma shi ne rabin rigimar. In aka yi sabon Windows aka bar shi da direban Microsoft na gama-gari, za ka ga an rubuta High Definition Audio Device kawai, sauti zai fito amma ba ka da wajen saita ramuka. In ka sa na Realtek za ka samu Realtek HD Audio Manager a tsofaffi, ko Realtek Audio Console a sababbi. Ciki akwai saiti guda biyu da suka shafi maganarmu, ɗaya yana cewa a kashe na baya in an soka na gaba, ɗayan yana cewa gaba da baya kowanne ya zama na'ura mai zaman kanta. In ka zaɓi na biyun, sai Speakers da Headphones su rabu a jerin nan na kusa da agogo, ka dawo irin yanayin ƙanena na Yelwa, ka bar iyafis a soke kana sauyawa da linzami. Akwai kuma wani akwatin da ke cewa Disable front panel jack detection, masu gyara suna yawan sa masa alama in ramin gaba ya ƙi aiki, sai ya fara aiki amma daga ranar sauti zai riƙa fita ta ko'ina lokaci ɗaya. In naka yana fita ta sifika da iyafis tare, fara duba nan.

Direban ka ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera injin. Dell tana da Service Tag a manne a jikin akwatin, ka rubuta shi a shafinsu zai kawo maka naka daidai, HP ma da lambar siriyal haka. Waɗannan manyan tarin direbobi da ake yawo da su a filash ana zuba ma kowane inji, suna aiki wani lokaci, amma na ga inda suka sa direban da bai dace ba ramin gaba ya daina ganewa. A sababbin Dell masu rami ɗaya tal a gaba, akwai manhajar Waves MaxxAudio da ke fito da tambaya in ka soka abu, wai me ka jona, hedfon ne ko mai haɗe da makirfo. Mutane suna cire ta daga Startup, wato jerin manhajojin da ke tashi da inji, wai tana sa inji nauyi, ko su danna kar a sake tambaya, daga nan sai rikici ya fara. Ka bar ta.

Kar mu manta da shi kansa iyafis ɗin. Duba kan ƙarfen, ƙirga zoben da ke jiki. Zobe biyu na sauraro ne kawai, zobe uku irin na waya ne mai makirfo. Tsofaffin injinan tebur ramukansu a rabe suke, kore na sauraro, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura. In ka sa mai zobe uku a ramin sauraro yawanci za ka ji magana amma makirfo ba zai yi ba, sai ka sayi 'yar waya mai raba ɗaya zuwa biyu, masu kayan waya a Wunti suna da ita, ka dai ce musu ta kwamfuta mai kore da ruwan hoda, don akwai wata mai kama da ita ta mutum biyu su saurara tare, ba ita ba ce. Kuma in ka ji kiɗa yana fita amma muryar mai magana ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, kan bai zauna daidai ba ne, tura shi har ya yi ƙas.

Ƙura ma tana da nata. Mu nan Bauchi daga Disamba zuwa Fabrairu ka san yadda hunturu yake yi mana, shago a bakin titi kuma ba a magana. Ƙura in ta taru a ramin sai makunnin nan ya maƙale, injin ya ɗauka har yanzu akwai iyafis a ciki alhali ka zare tun ɗazu, sifika ta ƙi dawowa. Alamarsa, a tagar mmsys.cpl za ka ga Headphones tana nan a raye ba komai a ramin. Kashe inji, zare wuta, hura da bulowa, in bai yi ba ka naɗa 'yar auduga kaɗan a tsinken sakace ka ɗiga sifirit ka juya a hankali, ka bari ya bushe. Ban da allura, ban da fetur, ban da tina ta fenti, na ga wanda ya narkar da robar ramin da ita.

In duk ka yi wannan ramin ya ƙi, kar ka ɓata kuɗi wajen canja madabod. Akwai ɗan katin sauti na USB kamar filash, mai rami biyu, ba shi da tsada kuma ba ya buƙatar direba, kana sokawa Windows za ta gan shi a matsayin sabuwar na'ura ta uku a jerin. Yana kuma taimakawa wani lokaci ga masu jin zuuu a kunne, musamman in an tada janareta ko wayarin shagon ba shi da at, wato wayar da ake binnewa a ƙasa, ko da yake in matsalar daga wutar ce gyaran wayarin shi ne na gaskiya. Hedfon na Bluetooth kuma sai injin yana da Bluetooth ɗin, yawancin na Belgium ba su da shi sai ka sa ɗan dongul na USB. A Windows 10 zai fito maka sau biyu a jeri, Stereo da Hands-Free, ka zaɓi Stereo don sauraro, ɗayan na kira ne muryarsa a shaƙe take.

Wani abu da zai yi maka amfani a shago, tun sabuntawar Afrilun 2018 Windows 10 tana bari kowace manhaja ka ba ta tata hanyar. Shiga Settings, System, Sound, ka gangara ƙasa zuwa App volume and device preferences. Sai manhajar tana buɗe za ta bayyana a wurin. Kana iya cewa Chrome ya tafi iyafis, VLC ya fita ta monita, ɗalibi yana duba bidiyon furojet ɗinsa a fili kai kana jin tafsirinka a kunne. Amma ka riƙe a ranka ka yi wannan saitin, don wata uku nan gaba in Chrome ya ƙi bin sauran za ka manta kai ka ɗaure shi. Zoom da VLC ma kowanne yana da nasa wajen zaɓen sifika a ciki, in aka kafe shi a can ba ruwansa da abin da ka zaɓa kusa da agogo. Wanda kuma danna sau ukun ma ya yi masa yawa, akwai ƙananan manhajoji na kyauta, SoundSwitch tana ba ka maɓallan kibod da kake sauyawa da su, EarTrumpet kuma tana cikin Microsoft Store.

Ka kula da murya ranar farko, kowace na'ura tana riƙe nata matakin daban, monita tana iya zama a 30 iyafis yana 100, ka rage kafin ka sa a kunne. Sannan tunda ka ce Windows 10 ce, Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, wannan ba shi da alaƙa da sautinka amma shagon da filash ɗin ɗalibai ɗari ke shiga kullum ya kamata ya san da haka, wata rana ma yi maganarsa.

Gwada na kusa da agogon tukuna. In jerin ya nuna abu ɗaya ne kawai, ɗauki hoton tagar Playback bayan ka sa alamomin nan biyu, da hoton bayan sifiyu ɗin yadda wayoyin suke a jone, ka turo in gani.